Naushin da ba a gani ba

Yawancin bidiyon dambe da ke yawo a wayoyin samari ba sa wuce daƙiƙa ashirin. Maza biyu sun sunkuya a kan yashi, kowa ya miƙa hannu ɗaya gaba ya ja ɗayan baya, kalangu na tashi, sai hannu ya wulga, mutum ya zube, fili ya kaure da ihu, bidiyo ya ƙare. Irin waɗannan gutsattsarin da ake ɗauka a gidajen dambe na Kano da Dei-Dei ta Abuja suna isa Damazin da Rusairis da Mai Wurno da ƙauyukan Jazira ta Facebook da TikTok da WhatsApp, tare da na damben boksin daga Riyad da Landan, kuma yaron Bahaushe na bakin Nil Azrak ba ya neman tafinta kafin ya gane kirarin da ake yi a ciki. Abin da ba a nuna masa shi ne daƙiƙa ta ashirin da ɗaya, wato halin da wanda ya faɗi yake ciki bayan an kashe kyamara. Magana ɗaya nake son in kafa a nan. Abin da ke kayar da ɗan dambe shi ne juyawar kansa farat ɗaya ba tare da ya shirya ba. Ƙarfin damtse yana taimakawa, amma a baya yake zuwa, asiri kuwa ba ya cikin lissafin. Kuma tunda haka ne, duk faɗuwar da ta zo da sumewa rauni ce a ƙwaƙwalwa, rauni mai neman lokaci kafin ya warke, ko da mai shi ya miƙe yana murmushi.

Dambe ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushen Sudan, ko da bai taɓa tsayawa a fili ya gani da idonsa ba. Bayan da sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas har ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Wasu sun biyo hanyar hajji suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu aikin auduga ne ya riƙe su a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, wasu kuma noma da su suka ja su kudu, wajen da aka gina madatsar Rusairis a 1966. Sun zo da harshensu da sana'o'insu, har da fawa, kuma dambe tun asali wasan mahauta ne, wanda suke fita yi ƙauye-ƙauye idan kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, aljihu ya yi nauyi. Wanda ya taɓa jin waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ya san irin matsayin da ɗan dambe ke da shi a zuciyar Bahaushe.

Kafin a shiga fili, ɗan dambe yakan dunƙule hannunsa mai ƙarfi a naɗe shi da ƙyalle, sannan a bi shi da zare ana ja ana ɗaurewa, zagaye bayan zagaye, har dunƙulen ya sandare, yatsu ba sa iya motsi. Wannan hannun shi ne mashi. Ɗayan, wanda ake bari a buɗe a miƙa gaba, shi ne garkuwa: da shi ake auna tazara, da shi ake tare naushi, da shi ake rufe wa abokin karawa ido. Turmi uku ake yi. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare nan take. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su. A riƙe wannan ƙa'idar ta faɗuwa ɗaya, domin ita ce mafi daraja cikin abin da magabata suka bari a wasan.

Me ke faruwa a cikin kai idan naushi ya sauka? Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, taushi gare ta, kuma ba a manne take da ƙoƙon kai ba, tana zaune ne cikin wani ɗan ruwa da ke kewaye da ita. A ɗauki ƙwaryar nono da curin fura a ciki. In ka tura ƙwaryar gaba a hankali, fura da nono za su bi ta tare. In kuwa ka murɗa ta da sauri, ƙwarya za ta juya, furar ta tsaya baya, sannan ta biyo da ƙarfi ta bugi gefe. Haka ƙoƙon kai ke juyawa ya bar ƙwaƙwalwa a baya. A cikin wannan ɗan lokacin siraran jijiyoyin da ke kai saƙo daga wani sashe zuwa wani sukan miƙe fiye da ƙima, saƙonni su rikice, kuma in murɗawar ta kai gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka, wurin da ke riƙe mutum a farke, sai hankali ya ɗauke, ƙafafu su saki. Shi ya sa haɓa da muƙamuƙi suka fi goshi haɗari. Goshi ƙashi ne mai kauri, kuma naushin da ya same shi kai tsaye yakan tura kan baya ne kawai. Haɓa kuwa ita ce ta fi nisa da inda wuya ya riƙe kai, don haka naushin da ya zagayo ta gefe ya same ta, ko wanda ya taso daga ƙasa ya ɗaga ta sama, yana juya kan gaba ɗaya da sauri ko da bai kai na goshin nauyi ba. Abin da ke rage wannan juyawar shi ne naman wuya. Idan mutum ya ga naushi yana zuwa, kafin ma ya yi tunani jikinsa ya riga ya ɗaure wuya, ya cije haƙora, ya sauke haɓa, kai da kafaɗu suka zama abu ɗaya mai nauyi. Idan bai gani ba, wuyan a sake yake, kan shi kaɗai ne zai karɓi bugun.

Mai musu zai ce ai wannan bayanin likitoci ne, a fili kuwa kowa ya san mai ƙarfi ke kisa. To, a duba kayen da duniya ba ta manta da su ba. A ranar 1 ga Mayu 1957 a Cikago, Sugar Ray Robinson, yana gab da cika shekara 36, ya kara da Gene Fullmer, wanda ya fi shi ƙuruciya kuma ba a taɓa sumar da shi ba. A turmi na biyar Fullmer ya matso yana shirin sakin dama, Robinson ya tare shi da gajeren naushin hagu a haɓa, ya faɗi bai tashi kan lokaci ba. A ranar 8 ga Disamba 2012 a Las Begas, Manny Pacquiao na Filifin yana kan Juan Manuel Marquez na Meziko, ya fasa masa hanci, saura daƙiƙa ɗaya a tashi daga turmi na shida sai ya zabura gaba don ya ƙara masa. Marquez ya ɗan kauce ya sako dama. Pacquiao ya kawo fuskarsa da kansa ya haɗu da ita, ya kife rub da ciki bai motsa ba. A ranar 21 ga Satumba 2024 a Wembili, Anthony Joshua, wanda iyayensa ke da tushe a Najeriya, ya girgiza Daniel Dubois a turmi na biyar, ya bi shi don ya gama da shi, ya buɗe haɓarsa, sai gajeriyar dama ta tare shi ya zube. A dukkan ukun, wanda ya faɗi shi ne wanda yake kai hari. Idonsa na kan naushin da zai kai, nauyin jikinsa na tafiya gaba, saurinsa ya haɗu da saurin hannun abokin karawa. 'Yan damben gargajiya sun san wannan sarai, shi ya sa za ka ga an shafe rabin turmi ana leƙen juna, ana jan ƙafa, ana motsa garkuwa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sako hannu. Shi ya sa kuma ake shakkar bahago: naushinsa na fitowa ta gefen da ido bai saba tsaro ba.

Kayen da aka fi tunawa da shi a Afirka ya ƙara wani darasi. A Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974, George Foreman ya shiga fili yana da shekara 25, ya yi wasa 40 ba a taɓa cin sa ba, 37 daga ciki bai bari an kai ƙarshe ba. Muhammad Ali yana da 32. In da ƙarfin hannu ke yanke hukunci, da ba a yi doguwar magana ba. Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska ya bar Foreman yana ta jibga har numfashinsa ya ƙare, a ƙarshen turmi na takwas ya fito ya jera masa naushi, hagu ta ɗago kan, dama ta same shi a fuska, ƙaton ya yi juyi ya faɗi. Gajiya ce ta kwance wuyan Foreman kafin hannun Ali ya iso. Wanda ya gaji, ko ƙishirwa ta ci shi, idonsa ba ya saurin gani, wuyansa ba ya saurin ɗaurewa, kuma wannan abin lura ne ga duk mai wasa a zafin Nil Azrak.

Ban ce ƙarfi ba ya aiki ba. Yana yi, musamman idan ba a daidaita jiki da jiki ba. Dick Tiger na Najeriya, gwarzon da ya riƙe kambin duniya a aji biyu, ya rasa kambinsa a hannun Bob Foster a Niyok a watan Mayun 1968 da naushin hagu ɗaya a turmi na huɗu, kuma Foster ya fi shi tsawo da tsawon hannu nesa ba kusa ba. Wannan ne dalilin da ya sa damben boksin ya raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi. Damben gargajiya bai gaji wannan tsarin ba, ana iya haɗa siriri da ƙato, 'yan kallo ma sun fi son haka don in ƙaramin ya yi kisa labari ya fi daɗi. Amma kan ƙaramin ne ke biyan kuɗin wannan daɗin.

Sai batun asiri. Ɗan dambe yakan ɗaura layu a damtse, ya yi tsaga a hannu a shafa magani, kuma idan aka yi kisa mai ban mamaki sai ka ji ana cewa ba banza ba. Babu mai musun cewa komai da iznin Allah yake faruwa, amma Allah ya sanya wa abubuwa sababi, kuma sababin nan a bayyane yake ga duk wanda ya rage saurin bidiyo ya kalla. Za ka ga hannun da ya sauka daga tsaro, da haɓar da ta ɗago, da kan da ya juya. Robinson da Marquez ba su ɗaura laya ba, kayen da suka yi kuwa iri ɗaya ne da wanda ake yi a filin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano. Abin da ya sa na damu da wannan imanin shi ne illarsa bayan faɗuwa. Wanda ya yarda sammu ne ya kayar da shi, malami ko boka zai nema ya karya sammun, gobe ya koma fili. Wanda ya san ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza zai nemi hutu da likita.

Akwai kaye ɗaya da bai shafi kai ba. Hanta na ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma naushin hagu da ya same ta yakan sa zafi ya ratsa jiki, numfashi ya sarƙe, ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum alhali yana cikin hayyacinsa. Haka Bernard Hopkins ya durƙusar da Oscar De La Hoya a turmi na tara a 2004. Wannan ma in ciwon ciki ya ci gaba sai an duba, amma ba shi ne ya fi kisa na gaske ba.

Wanda ya fi kisa na gaske shi ne jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai. Duk wanda ya ga yadda James Buster Douglas ya kayar da Mike Tyson a Tokiyo ranar 11 ga Fabrairu 1990 ba zai manta abin da ya biyo baya ba: Tyson, wanda duniya ke tsoro, yana rarrafe a turmi na goma yana laluben robar bakinsa, ya samu ya cusa ta a karkace rabi a waje, alƙali na ƙirga a kansa. Jikinsa na aiki, hankalinsa ba ya wurin. Wani kuma za ka ga ya faɗi hannuwansa sun sandare a sama, ko yana minshari, jama'a na dariya, alhali alamu ne cewa bugun ya kai gindin ƙwaƙwalwa. Yawanci mutum yakan farfaɗo cikin daƙiƙoƙi. Amma wannan murɗawar da ta sumar da shi tana iya tsinka ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Jinin ba shi da mafita, sai ya taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum na iya tashi ya yi magana, ya ci abinci, bayan awa biyu ko biyar ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye shi, daga nan ba a sake jin muryarsa ba. A 1982 kaɗai an yi rashi biyu da suka girgiza damben boksin: wani ɗan Najeriya da ake kira Young Ali ya faɗi a hannun Barry McGuigan a Landan, ya shafe watanni a sume kafin ya rasu, sannan Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya rasu kwanaki kaɗan bayan Ray Mancini ya kayar da shi a turmi na 14. Bayan mutuwar Kim ne aka fara rage wasannin kambi daga turmi 15 zuwa 12. Kuma abin bai zama tarihi ba. A watan Agustan 2025 'yan wasa biyu na Jafan, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, dukansu masu shekara 28, sun rasu sakamakon zubar jini a kai bayan sun yi wasa a dare ɗaya a zaure ɗaya a Tokiyo, birnin da asibiti ba ya nisa da kowa.

A nan wasu 'yan boko sukan yanke hukunci cewa damben gargajiya dabbanci ne, a bar shi a koma na safar hannu. Ban yarda ba. Safar hannu, wadda dokokin Queensberry na 1867 suka wajabta, tana kare ƙashin hannun mai naushi da fatar fuskar wanda aka nausa, amma ba ta hana kai juyawa. Hasali ma tana ba mutum damar ya yi ta dukan kai turmi bayan turmi ba tare da hannunsa ya karye ba. Hular kariya ma haka: hukumar duniya mai kula da damben waɗanda ba ƙwararru ba ta cire ta daga kan manyan maza a 2013, aka yi gasar Olamfik ta 2016 a Riyo ba tare da ita ba. Sannan waɗancan dokokin sun ba wanda ya faɗi ƙirgen goma, in ya miƙe a ci gaba, wato a mayar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta girgiza gaban wanda ya girgiza ta. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan boksin ke komawa masu tangaɗi da nauyin harshe da mantuwa saboda tarin dukan da suka sha. Damben Hausa bai san ƙirgen goma ba. Faɗuwa ɗaya, an gama, ba mai ƙara maka ko da yatsa. Gaskiya ne dunƙulen zare ya fi safa tauri, yana fasa fuska ya karya haƙori, ga shuri da ƙafa da ake kaiwa har ka. Duk da haka, a wannan gaɓar mahautan dā sun riga likitoci gane abin da ya kamata.

Inda dambe ya gaza shi ne gobe. A dā wasan kaka ne, ana yin sa na ɗan lokaci, damina ta zo kowa ya koma gona, jiki ya huta ko ba a yi niyya ba. Yanzu a gidajen dambe da yawa kusan kullum ake sa zare, kuma wanda aka sumar yau ba abin da zai hana shi shiga fili gobe, ko ya hau mota ya tafi wani gari inda ba wanda ya san abin da ya same shi. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ta daidaita, a yara ma takan fi jimawa. A wannan tsakanin ido ba ya saurin gani kamar dā, saboda haka naushi na biyu ya fi saurin samun mutum, kuma in ya same shi ɓarnar ta fi ta farko, wani lokaci ƙwaƙwalwar ta kumbura nan take. Saboda haka ne dokar duniya ta damben waɗanda ba ƙwararru ba ta ce wanda aka kayar da bugu a ka ba zai yi wasa ba sai bayan kwana 30 aƙalla, in ta maimaitu cikin wata uku ya huta kwana 90, in ta kai uku cikin shekara ya huta shekara guda. Pacquiao, bayan kifewar da ya yi a 2012, bai sake wasa ba sai Nuwamban 2013, kusan shekara, kuma ya dawo ya ci gaba har ya ci kambin duniya a 2019 yana da shekara 40. Hutun bai rage masa komai ba.

Za a ce Pacquiao attajiri ne, ɗan dambenmu kuwa in bai sa zare ba ba zai ci ba, kuma namiji ba ya kwana da bashin kisa. Maganar abinci gaskiya ce, kuma nauyinta na kan masu gidan dambe da iyayen gida da masu liƙi, waɗanda suka ci moriyar faɗuwar: wanda ya tara jama'a da jikinsa ya cancanci a ciyar da shi wata guda. Maganar rama kisa kuwa, wanda ya fi kowa son ramawa shi ya fi kowa bukatar hutu, domin in ya koma da ido mai nauyi sai ya ƙara bashi a kan bashi. Kuma bai kamata a bar wa ɗan wasa shi kaɗai wannan shawarar ba. Gaɓar da zai yi tunanin da ita, ita ce ta ji ciwo.

Akwai kuma masu cewa a hana abin gaba ɗaya, kuma hujjarsu ba ƙarama ba ce. Hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1987 cewa damben boksin yadda ake yin sa haramun ne saboda cutarwar da ke cikinsa. Duk abin da na kawo a sama yana ƙarfafa dalilin malaman ne. Uban da ya hana ɗansa dambe ya tura shi kokawa, wadda Nijar ta mayar gasar ƙasa tun 1975 kuma 'yan Nuba suka shahara da ita a nan Sudan, ya yi abin da ya dace, kuma yaron da bai balaga ba bai kamata a bari a nushe shi a ka ba ko da wasa. Amma samari za su ci gaba da kallo, wasunsu za su naɗa tsumma a hannu su gwada a bayan gari ko a kulob, kuma wanda ya faɗi a can yana da haƙƙin a san yadda za a yi da shi, ko an yarda da wasansa ko ba a yarda ba.

Mai karatu a Damazin na iya cewa mutanen da rikicin da ya auku a yankinsu a 2022 ya raba da gidajensu, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya zo ya ƙara, suna da abin damuwa da ya fi naushi. Haka ne. Sai dai wannan halin shi ya sa maganar ta fi shafar mu fiye da mutanen Landan. A 1991 Michael Watson ya zube bayan wasansa da Chris Eubank a Landan, aka yi jinkirin ba shi taimakon gaggawa, ya shafe kwana 40 a sume, ya tashi da naƙasa, kuma a 1999 kotu ta ɗora wa hukumar damben Birtaniya alhaki. Jinkirin da bai kai yini ba ke nan, a cikin babban birni. Jinin da ya taru a kai har ya danne ƙwaƙwalwa ba ya fita sai da hoton ƙwaƙwalwa da tiyata, likitocin wannan aikin kuwa kaɗan ne kuma a manyan birane suke. Daga Damazin zuwa Kartum kimanin kilomita 500 ne ta Sinja da Sinnar da Wad Madani, hanyar da yaƙi ya taɓa datsewa na watanni a 2024. Inda magani ya yi nisa haka, abin da ya rage a hannun jama'a shi ne hana bugu na biyu da saurin gane alamu. Kuma sanin nan bai tsaya a dambe ba: shi ne dai ake bukata ga wanda ya faɗo daga babur, ko daga kan raƙumi ko jaki, ko aka buga wa sanda a ka.

Idan mutum ya faɗi ya suma, kada a fizge shi a miƙar, kada a girgiza masa kai, kada a ɗura masa ruwa a baki domin yana iya shaƙewa. A riƙe kai da wuya kada su motsa, a duba numfashinsa, in yana amai a juya shi kan gefe gaba ɗaya, kai da jiki tare. In ya farfaɗo a tambaye shi sunan garin da yake da wanda ya kara da shi. Kada ya tuƙa abin hawa, kada ya kwana shi kaɗai, kada a ba shi asfirin domin yana ƙara zubar jini. In ciwon kai na ƙaruwa, ko amai ya maimaitu, ko magana ta rikice, ko barci ya yi nauyi har tashinsa na wuya, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko gefe ɗaya na jiki ya mutu, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, a nufi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye.

Kirana ga sarakunan fawa, da shugabannin samari, da masu kula da kulob-kulob na wasanni daga Mai Wurno zuwa Rusairis, da masu gidajen dambe na Kano da Abuja waɗanda bidiyonsu ke tarbiyyar yaranmu daga nesa: ku haɗa tsara da tsara a nauyi, ku hana yara, ku rubuta sunan duk wanda aka sumar da ranar da abin ya faru, ku sanar da juna. Wanda sunansa ya shiga wannan littafin kada a ɗaura masa zare sai ya cika kwana 30 kuma ciwon kai ya bar shi.